Akwatunan da Ban Auna Ba

Gomari,
Maiduguri.

Zuwa ga 'yata Yagana,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, kin sauka Abuja cikin aminci, kin kuma samu ɗakin da aka ce an tanadar miki. Allah ya tsare ki a sama da ƙasa, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da abokan aiki masu zuga. Na ce wa mahaifiyarki ta sa miki ita a can ƙasan jaka, don na san ba za ki kai wurin ba sai kin huta. Da gangan na yi haka. Ba na son ki karanta ta a gabana, ba na kuma son ki karanta ta a cikin jirgi.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi. Hannuna ma ba ya son dogon rubutu yanzu. Kwana uku ke nan ina zama bayan la'asar a gindin dalbejiyar ƙofar gida ina rubutawa kaɗan-kaɗan, in jirgi ya bi ta kanmu in dakata har ƙararsa ta wuce. In kin ga layi ya karkace, ki yi haƙuri da tsoho.

Ranar da kika dawo da takardar ɗaukar aiki kina ce mana ofishin masu binciken haɗarin jirage ne, na yi murna har cikin raina. Sai kika ƙara da cewa sababbin ma'aikata a ɗakin tsofaffin fayiloli ake fara ajiye su, su yi watanni suna karanta binciken da aka yi tun kafin a haife su. Kin ga na ajiye cokali, kika ce, "Baba, lafiya?" Na ce miyar ce ta yi yaji. Ƙarya na yi miki. A cikin fayilolin nan akwai guda mai ɗauke da sa hannuna, kuma abin da na sa wa hannu ba gaskiya ba ne. Gara ki ji daga bakina kafin ki gani a takarda.

Zan fara da littattafai, don daga nan abin ya faro, ko da yake littafi bai taɓa kama hannun kowa ya sa shi ƙarya ba. Kin tashi kin ga kwalaye uku a ƙarƙashin gadona cike da littattafan Turanci masu hoton bindiga a bango, waɗanda mahaifiyarki ke kira littattafan kashe-kashe. Lokacin ina malamin lodi a wani kamfanin jiragen fasinja, wanda ya rushe tun kina goye, masu sharar jirgi ne ke kawo mini su. Fasinja zai karanta rabi ya manta da shi a aljihun kujera, su kuwa sun san akwai wani mayen karatu a ofishin lodi. In na gama sai in nufi Kasuwar Litinin wurin Chinedu, wani Ibo mai sayar da tsofaffin littattafai, in ba shi biyu ya ba ni ɗaya. Duk labarin iri ɗaya ne. An kashe wani ko an sace wani abu, ga ɗan sanda mai kaifin ido, ga mutum bakwai da ake zargi, a shafin ƙarshe ya tara su a falo ya nuna mai laifi da yatsa. Chinedu zai miƙo mini littafi ya ce, "Oga Sale, wannan kam sai ka kai ƙarshe kafin ka gane." Bayan kwana uku in dawo in ce masa tun a shafi na hamsin na kama mutumin. Shi ya fara kirana Sufeto. Sunan ya bi ni har filin jirgi, kuma ina jin daɗinsa fiye da yadda ya kamata.

Kuskurena na farko ke nan. Na ɗauka tunda ina gane mai laifi a littafi, ina gane shi a duniya. A gida na fara gwadawa. Ɗan kunnen zinaren mahaifiyarki ya ɓace ranar da Ya Fanna mai lalle ta zo yi mata ƙunshi. Na zaunar da baiwar Allah nan ina yi mata tambayoyi irin na littafi, ƙarfe nawa ta shigo, ina ta ajiye jakarta, me ya kai ta uwar ɗaki. Ta sunkuyar da kai, ta ƙi kallona, muryarta na rawa. Na ce shi ke nan, na kama. A littattafan nan duk wanda ya kasa haɗa ido da kai, to akwai abin da yake ɓoyewa. Na manta a Borno nake, inda mace mai tarbiyya ba ta kallon idon mijin wata, talaka kuma ba ya ɗaga kai a gaban mai biro. Kwana biyu bayan nan ɗan kunnen ya faɗo daga cikin wata lafaya da aka ninke. Ya Fanna ba ta sake taka gidanmu ba, mahaifiyarki ta yi mako ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Na aika da turmin atamfa na ba da haƙuri, na ɗauka magana ta wuce. Ban koyi komai ba.

To ki ji. Za a zaunar da mutane a gabanki, makanikai da masu lodi da masu gadi, da yawansu ba su taɓa shiga ofis mai sanyi ba. Za su yi gumi, su yi i'ina, ki tambaye su lokaci su faɗi biyu daban-daban. Tsoro ne, kuma mai gaskiya ya fi jin sa, don shi bai shirya komai ba. Wanda ya shirya zai zo da babbar riga ya kalle ki cikin ido yana murmushi. Na san halinki, ba kya bari a gama fim ba ki faɗi ƙarshensa ba, har ƙannenki na korar ki daga falo. Ni kika gado. Ki bar wannan hali a Gomari.

Yanzu bari in gaya miki aikin da nake yi, ko da yake kin fi ni sanin lissafinsa a makaranta. Duk kayan da za su shiga cikin jirgi sai sun hau sikeli. Ni nake tara nauyin, in rubuta a takardar lodi, in sa hannu, a kai wa kyaftin. Da wannan lambar yake sanin gudun da zai yi kafin ya ɗaga. Shi ba ya ganin kayan, takardata yake gani. A bazarar garin nan kuwa, lokacin da kwalta ke laushi a ƙarƙashin takalmi, iska ba ta ɗaukar jirgi da sauƙi. Kilo kaɗan ma magana ce.

Amma akwai wata al'ada da ba a rubuta ta a ko'ina ba, kowa kuma ya san ta. Kayan manya ba sa hawa sikeli. A ce wa babban ɗan siyasa za a auna akwatinsa, tamkar an ce ba a yarda da shi ba ne. Kamfaninmu kuwa da yardar irin waɗannan mutane yake numfashi. Su ke sa baki a sabunta masa lasisi, su ke sa baki a ba shi hanya mai fasinja da jigilar alhazai. Sai mu kalli akwati daga nesa mu ƙiyasta mu rubuta. Na yi haka sau ba adadi ba abin da ya faru, shi ya sa na daina jin komai in ina yi.

Ranar da abin ya faru da azahar ne, tsakiyar bazara, jirgi cike. An rufe kantar karɓar kaya ke nan sai ga akori-kura ta wuce kai tsaye har gindin jirgi da akwatunan ƙarfe goma sha ɗaya, na wani babban ɗan siyasa da ke cikin fasinjoji. Manaja ya leƙo ofishina ya ce, "Sufeto, tufafi ne da takardu. Rubuta musu nauyin akwatin kowa, kada ka ɓata mana lokaci." Na ɗauki biro. Kafin in gama sai ga Modu a tagata. Modu shi ne shugaban masu lodi, Kanuri ne ɗan unguwar Hausari, dogo, ba ya magana sai ta kama, kuma shi ke jan su sallah a rumfar bayan ofis. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Ya ce, "Malam, akwatunan nan ba tufafi ba ne. Mu huɗu muke ɗaga guda. A sa su a sikeli." Na ce masa, "Modu, naka ɗagawa, nawa rubutawa." Ya ce, "To, Malam," ya juya.

Ina tsaye a ƙofar ofis ina kallo. Jirgin ya yi gudu, ya wuce inda suka saba ɗaga hanci, ya ci gaba da gudu. Na san abin da ke faruwa tun kafin kowa ya sani. Kyaftin ya fasa tashi ya taka birki, tayoyi suka fashe, jirgin ya zarce ƙarshen titi ya nutse cikin yashi. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Wata tsohuwa ta karye a ƙugu wajen saukowa, na ji an ce ba ta sake tafiya da ƙafarta ba. Ana can ana fama da fasinjoji, motar nan ta dawo ta kwashe akwatunan ta yi gaba. Har yau ban san abin da ke cikinsu ba, na kuma gaji da zato.

Kada ki rubuta lambar da idonki bai gani ba, ko wane ne ya tsaya a kanki, ko da shi ya ɗauke ki aiki. Ba sai kin yi rashin kunya ba. Ki ce, "Ranka ya daɗe, bari a auna," ki yi ta maimaitawa har ya gaji. Zai ji haushi, ƙila a mayar da ke wani lungun da ba a ganin ki, ki tafi lungun. Ni minti goma na ƙi ɓatawa. Sikelin yana bayan kujerata, bai fi taku biyar ba.

Bayan mako guda kwamiti ya zo, mutum uku daga hedikwatar masu bincike, aka ba su ofishin manaja. Kyaftin ya rantse jirgin ya fi abin da aka rubuta masa nauyi, sawun birki ma ya nuna haka. Ke nan wani ya sa kayan da ba a lissafa ba. Da safen ranar da za a kira ni, manaja ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai da kake gane ɓarawo tun shafi na hamsin, ai sai ka taimaka wa baƙi." Bai ce in yi ƙarya ba. Bai ambaci sunan kowa ba. Mutum ne mai wayo, ya san inda zai taɓa ni. Ya rasu yanzu, na je jana'izarsa, an cika.

Lokacin mahaifiyarki na ɗauke da cikinki wata bakwai, kuma na yi shekaru ina gaya wa kaina saboda ku na yi. Kada ki ɗauki wannan kaya, ba naki ba ne. Modu ma yana da mata da 'ya'ya biyar, na kuma san haka.

Abin da ya fi ba ni kunya, Yagana, shi ne yadda na ji daɗin shirya ƙaryar. Na zauna na haɗa hujjoji kamar a littafi. Modu ya fara zuwa aiki da babur a watan. An gan shi da safen ranar yana magana da wani ɗan kasuwar bandar kifi da aka ƙi karɓar kwalayensa saboda sun yi yawa. Ga dalili, ga dama, ga alama. Kafin in shiga ɗakin ni kaina na kusa yarda da labarin. Aka kira Modu a gabana. Ya tsaya hannu a baya, kai a ƙasa, ya faɗi maganar akwatuna goma sha ɗaya, bai ƙara ba bai rage ba. Shugaban kwamitin ya juyo ya tambaye ni. Na miƙa takardar lodi na ce ga su nan a rubuce, ni na auna su da hannuna. Sannan na kawo maganar babur, na kawo ta mai kifi, na ce su duba ma yadda ya kasa ɗaga ido. Shugaban ya ce da ana samun ma'aikata masu lura irina, da aikinsu ya yi sauƙi. Ba wanda ya tambayi inda akwatunan suke. Ba wanda ya nemi mai kifin. Kwana biyu suka yi suka koma, sun samu suna, kuma sunan ba shi da kowa a bayansa.

Aka kori Modu, ya yi mako biyu a hannun 'yan sanda. Babur ɗin, daga baya na ji, ƙanin matarsa ne ya bar masa da zai koma Chadi. Mai kifin kuma tambaya yake inda zai samu babbar motar da za ta kai masa kaya kudu. A Hausari aka sa masa suna Modu Kifi, mutumin da ya kusa hallaka jirgi guda saboda banda. Ya daina shiga sahun gaba a masallacin unguwarsu. Ya koma tura kura a Kasuwar Litinin har bayansa ya ƙi. Ni kuwa aka ƙara mini girma, da wannan ƙarin aka sayi ragon sunanki.

In bincike ya zo miki a shirye, komai ya dace da komai, kuma ya faɗa kan mutumin da ya fi kowa ƙanƙanta a wurin, ki dakata. Ki duba wa ya samu sauƙin numfashi a ɗakin. Ki tambayi abin da ba a kawo miki ba, ki nemi mutumin da aka ambata ba a kira shi ba. Ranar da aka yabe ki da kaifin ido kuma, ki koma ki sake duba aikinki tun daga farko.

Shekaru suka tafi. Kamfanin ya mutu, na koma sayar da tikiti a wani shago, kuka girma. Garin nan ya shiga abin da ya shiga, muka binne waɗanda muka binne. Ban daina zuwa wurin Chinedu ba, shi ma bai gudu ba ko lokacin da 'yan'uwansa da yawa suka kwashe kaya. Wata rana ya ciro wani littafi mai kauri, babu bindiga a bangonsa, ya ce, "Sufeto, wannan ba a kashe kowa a ciki ba, amma na aikinku ne." Wani tsohon ma'aikacin harkar jirage ne ya rubuta bayan ya yi ritaya, a kan yadda siyasa ke juya harkar. Wa ake ba lasisi, wa ake hanawa, yadda ake raba hanyoyi, yadda kowane sabon shugaba ke zuwa da mutanensa, yadda ake kafa kwamiti da wanda kwamitin ke kai wa rahoto. Wata biyu na yi ina jan sa, don ba shi da daɗi, ba shi kuma da shafin ƙarshen da ake nuna wani da yatsa. Bai ambaci kamfaninmu ba, amma a kowane babi ofishin manajanmu nake gani. Na nemi irinsa na ƙara karanta biyu ko uku.

Kin ɗauka daga nan na tuba? Ina. Sabon maɓoya na samu. Na ce ashe ba ni ba ne, tsari ne. Kamfanin da ransa ke hannun ɗan siyasa ba zai auna akwatin ɗan siyasa ba, kwamitin da aka turo don a rufe magana ba zai buɗe ta ba, ko ni ne a kujerar ko wani haka za ta kasance. Na riƙa yi wa mutane lacca a majalisar ƙofar masallaci a kan lalacewar tsari, har ana cewa Malam Sale ya san harkar jirage ciki da waje. Wata rana na ba Chinedu labarin akwatunan, na ce da wani abokina abin ya faru, na rufe da cewa laifin tsari ne. Yana jera littattafai a kan tebur, bai ko juyo ba ya ce, "Tsari ba shi da hannu, Oga Sale. Wa ya riƙe biro?" Na ce rana ta yi, zan wuce. Wata shida ban koma shagonsa ba.

Ki karanta irin waɗannan littattafai, ki karanta da yawa, sun fi na ƙarƙashin gadona amfani a aikinki. Za su nuna miki wa ke bugo waya kafin a fitar da rahoto, da abin da ya sa yake bugowa. Ba za a yaudare ki da sauƙi ba in kin san wannan. Amma in kin gama gane yadda aka ɗaure kowa da kowa, ki tuna a ƙasan takarda suna ɗaya ake sawa, kuma naki ne.

Kuskuren ƙarshe shi ya fi tsawo, don shekara ashirin da wani abu na yi ina aikata shi. Na san layin da Modu yake a Hausari. In na hau keke mai ƙafa uku za ni kasuwa nakan ce wa direba ya zaga ta wata hanya, in ce akwai cunkoso. Sau biyu na hango shi a jana'iza na canza sahu. Kullum ina cewa sai na samu abin da zan riƙa in je da shi, sai bayan sallah, sai yara sun gama makaranta. Ba abin da nake jira, tsoronsa nake ji. Ban da wata shawara mai tsawo a kan wannan. In kika zalunci mutum, ki je a makon, tun ƙafarki na iya kai ki.

Asabar ɗin da ta wuce, da maganar ɗakin fayilolin nan ta hana ni sakat, na tafi da hantsi. Na same shi a kan tabarma a ƙofar shagon gawayi na babban ɗansa Bukar. Ya rame, idanunsa sun yi fari, ba ya ganin komai sai inuwa. Na yi sallama. Ya karkata kai ya gaishe ni da yarensu ya ce, "Wushe, Malam Sale. Muryarka ba ta tsufa ba." Ya sa aka kawo mini ruwa. Na durƙusa a gaban mutumin nan, ni da furfurata, na faɗi abin da ya riga ya sani. Ban auna akwatunan ba, ya gaya mini na ƙi ji, na yi masa ƙarya a gaban baƙi.

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Malam, na yafe maka tun da daɗewa. Ba don kai ba. Na gaji da ɗaukar ka a ƙirjina ne, ka fi akwatunan nan nauyi." Ya yi tari, ya huta, ya ci gaba. "Amma yafiya tsakanina da kai ce. Takarda fa? Takarda tana can tana cewa ni ɓarawo ne. Sau biyu Bukar yana neman aikin lodi, da an ji ɗan wane ne sai a ce ya dawo wani lokaci. Jikokina 'yan gidan Kifi ake ce musu, ba su ma san dalili ba." Na ce me yake so in yi. Ya ce, "Ina so kafin a ɗauke ni, wani ya zauna nan inda kake ya karanta mini takarda mai hatimi, mai cewa Modu ya faɗi gaskiya. Ko layi ɗaya ne."

Ran Litinin na je kotu na yi rantsuwa. Na rubuta komai, da cikakken sunana da sa hannuna, irin wanda ke cikin fayil ɗin. Ita ce takardar da ke cikin ƙaramar ambulan da na haɗa da wannan. Na aika da kwafi ta gidan waya, amma na yi aikin ofis, na san inda irin waɗannan wasiƙu ke kwana in ba wanda ke tambayar su. Shi ya sa nake roƙon ki, kuma kin san ban saba roƙon ki komai ba. Ki kai ta da hannunki ga shugabanki, a fili, a buga mata hatimin karɓa. Kada ki cusa ta cikin fayil a ɓoye. Ki riƙa tambayar inda aka kwana duk mako har su gaji da ganin ki.

Mahaifiyarki ba ta yarda ba. Ta ce, "Za ka shafa wa yarinya baƙi tun ba ta san inda kujerarta take ba. Kai ka yi ɓarna, ita za ta ɗauka?" Gaskiya ta faɗa. Za a yi ta nuna ki a baranda. Wasu za su ce 'yar maƙaryaci ce, wasu su ce mai tone-tone ce, kuma na biyun ya fi haɗari a irin ofishinku. Ƙila ma hukuma ta neme ni, wannan bai dame ni ba, na gaji. In kin ga ba za ki iya ba, ba zan yi fushi ba, ba ni da bakin yin fushi. Sai dai ki sani Modu ba ya cin abinci sosai yanzu, Bukar ya ce tun azumi yake ja da baya. Ba na jin muna da shekara guda.

In kin kai ta, za su duba sunan da ke ƙasan takardar, su duba sunan da ke katin da kika rataya a wuya. Wani mai tausayi zai buɗe miki hanyar fita, ya ce ai Sale suna ne da ya cika gari. Kada ki bi ta nan. Ki ce mahaifinki ne, shi ya rubuta lambar, shi ya yi ƙaryar, shi kuma ya aiko ki.

Allah ya tsare ki fita da shiga, ya kiyaye hannunki daga abin da zai zame miki kunya a tsufa. Allah ya sauke duk jirgin da kika hau lafiya, da waɗanda ba ki hau ba. Allah ya ara wa Modu kwanakin da zai ji an karanta masa takardarsa. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Ki yafe mini, 'yata.

Mahaifinki,
Sale